Waɗanda Suka Riga Mu Tarewa

Asabar, 19 ga Afrilu, 2025

Mun tare. Gidan yana Sakkwato, can bayan Arkilla, ta hanyar Wamakko, inda gari ya fara sirancewa: gida nan, kango can, sai gonar geron da ba a kai ga yanka ta fuloti ba. Daga Bradford na riƙa turo kuɗin gininsa kaɗan-kaɗan, ƙanena na tsaye a kai. Tun da aka buga kwano aka sa ƙofofi ya yi shekaru a rufe, ba mai kwana ciki sai Baba maigadi a ɗakin zaure. Ni haifaffen garin nan ne, amma uwargida a Ingila ta girma, yaran nan uku kuma duk can aka yanke musu cibi. Ni na dawo gida, su kuwa ƙasar waje suka zo.

Na buɗe littafin nan ne saboda aikin da babu shi a kasafina, wato raba gari da waɗanda suka riga mu tarewa. Akwai hanyoyin ƙasa siri-siri a bangon sito, sun hau har katakon ƙofa. Akwai kashin ɓera a durowar kicin. Ɗakin baƙi na wani wari mai hawa kai, ga baƙin tsaki-tsaki na zubowa ta kusurwar silin. Zanzaro ya yi gini a kowace taga, murfin sokawe kuwa in ka ɗaga sai kyankyasai su watse. Ƙadangaru ban sa su a lissafi ba, katangar tasu ce.

A can, iyakar damuwarmu yanyawa mai yaga ledar shara da dare, sai ɓerayen da sanyi ke korowa ciki. Waya kake bugawa, mutum ya zo da jaka, ya ajiye ’yan akwatunansa a lungu ya tafi. Na ba Baba wannan labari, ya yi dariya har da tafawa. Ya ce, “Alhaji, ba ka ga komi ba tukuna. Bari ruwa su sauka.”

Yau ma’aunin zafi ya nuna 43 a inuwa. Tsarina: gara da farko, don ita kullum cin kuɗi take, sannan toshe kafofi da sa raga kafin damina.

Laraba, 23 ga Afrilu

Kwalayen da muka turo ta jirgin ruwa sun riga mu isowa da watanni, aka jibge su a ƙasan sito, jingine da bango. Ta waje lafiyarsu ƙalau, har tef ɗin bai ɗaga ba. Da na yanka na farko na ɗauko wani ƙamus, sai bangonsa ya taho a hannuna, cikinsa ya zauna a kwalin. Ba takarda, laka ce mai ɗanshi da ’yan farare suna kai-kawo, masu jan kan cikinsu suna wage baki. Kwalaye huɗu na littattafai sun tafi haka, har da takardun makarantar yara. Hotuna sun tsira saboda suna cikin akwatin roba. Uwargida ta tsaya tana kallo, ba ta taɓa ganin gara ba. Ba mamaki: a duk Birtaniya wuri ɗaya aka san ta taɓa kafa gida, a wani ƙauye na Devon, inda aka gano ta a 1994, kuma sai 2021 aka bayyana an gama da ita.

Magini ya zo da yamma. Bai tsaya dogon bayani ba, ya ɗauki sukundireba ya bi katakon ƙofofin yana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya yana amsawa da nauyi, wanda aka cinye kuwa sai ka ji fanko. Na sito da na bayin baƙi fenti kawai ke riƙe da su, ya danna yatsa ya burma. Ya nuna mini yadda abin yake: gidanta na ƙarƙashin ƙasa, ba ta jure busasshiyar iska, shi ya sa take lulluɓe hanyarta da laka duk inda za ta. Ta tsagar da ke tsakanin daɓe da bango ta shigo. Abin da ya ba ni haushi shi ne rumfar Baba, wadda aka yi da tsofaffin azaran giginya, ko gezau. Farin katakon da na biya da tsada shi ta zaɓa.

Mun ɗora sauran kaya a kan bulo, nesa da bango.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Masu feshi biyu sun duba. Na farko ya zo da jarka ba rubutu a jiki, ya ce a fesa ɗakuna a rufe kwana ɗaya, ₦45,000. Na tambaye shi sunan maganin, ya ce haɗi ne na musamman. Na sallame shi da kuɗin mashin. Na biyu ya ce fesa ɗaki ba ya taɓa gara, sai an bi ta ƙasa. Ya nuna mini kwalbar da lambar NAFDAC. ₦140,000, ban da leburori. Shi na ɗauka.

Asabar, 3 ga Mayu

An haƙa rami siriri zagaye da harsashin gini, faɗin taƙi ɗaya, zurfi ya kusa kamu. Ana zuba magani ana mayar da ƙasa ana sake zubawa. A ciki kuma aka huda daɓe jere-jere a gindin bangon sito da na bayi, aka ɗura, aka toshe da siminti. Maganin mai fipronil ne. Mai feshin ya ce kada in sa ran ganin gawa gobe, don amfaninsa ke nan: gara ba ta jin warinsa, tana ratsa ƙasar ta kwasa a jiki ta kai wa ’yan uwa.

Akwai suri a kangon bayanmu, ya kai ƙirjina. Na je wurin mai unguwa, ya kira mai filin a waya, ya ce a rushe, shi ma ya huta. Leburori suka sa diga tun sanyin safiya. Sai wajen hantsi suka kai ga wani dunƙulen laka mai tauri, aka fasa shi da gatari a hankali, sai ga uwar. Ta fi babban yatsana tsawo da kauri, fara sol, cikinta na motsi shi kaɗai, ɗan ƙaramin kai a gaba, ga namijin a gefe bai kai rabin rabinta ba. Babban yarona ya yi ta ɗaukar hoto, ’yar tsakiya ta gudu. Zabin Baba sun yi Sallah tun ba ta zo ba.

Mai feshin dai ya rage mini murna. Ya ce wadda ke cin gida ba lallai ta surin nan ba ce, akwai irin da ba ta gina suri sam, a ƙasa take zamanta. Na ji daɗin da ya faɗa, ko da yake da ya yi shiru da na ƙara masa wani abu.

Leburori ₦24,000. Siminti buhu 4, ₦40,000. Firam ɗin ƙarfe biyu a madadin na katako, da kuɗin sawa, ₦110,000.

Juma’a, 9 ga Mayu

Kunama ta harbi uwargida.

Ba wuta, batirin sola ba ya riƙe fanka har safe, don haka a tsakar gida muke kwana kamar kowa a garin nan. Kafin asuba ta tashi alwala, ta nufi famfon gindin tanki ba takalmi. Ƙarar da ta yi ta tada har maƙwabta. Na haska tocila, ga ta nan ’yar ƙarama, ruwan ƙasa mai ɗorawa, hannuwa sirara, wutsiya kakkaura a ɗage. Baba ya taka ta, ya ce a ɗaure ƙafar a tsaga wurin. Na ce a’a, na tada mota.

A asibiti likitar ta yi mata allurar kashe zafi a kewayen yatsan, ta ce mu zauna a ga yadda jiki zai yi. Ta ce ga babba yawanci azaba ce kawai, ta kwana ɗaya ko biyu. Yaro ƙarami ne abin tsoro: in aka ga gumi, amai, dalalar miyau ko numfashi sama-sama, a zo a guje, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Ta ƙara da cewa baƙin ɗuwun nan mai manyan hannuwa da mutane suka fi tsoro bai kai wannan ’yar ƙaramar dafi ba. Muna hanyar dawowa uwargida, ƙafa a kan kujera, ta tambaye ni nawa ne tikitin Manchester yanzu. Ban amsa ba, na ƙara ƙarfin iyakwandishan.

Ƙanena ya samo mini irin tocilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita. Kunama na ƙyalli a ƙarƙashinsa, kore-kore, ko tana cikin tsakuwa. Bayan isha’i muka zagaya ni da Baba, shi da sanda ni da tocila. Mun samu fiye da goma. Kusan duka wuri biyu: gindin tanki, inda ruwa ke ɗiga, da kewayen sokawe, inda kyankyasai suke. Sanyi da abinci suka biyo, ba mu ba.

Dokokin gida daga yau: ba mai taka ƙasa da dare ba takalmi, a kakkaɓe takalmi kafin a sa, shimfiɗa a kan gado, gado nesa da bango, gidan sauro a soke shi ƙarƙashin katifa. Asibiti ₦9,500, tocila ₦7,000.

Laraba, 14 ga Mayu

An sa raga a tagogi 11, ₦165,000. An liƙa roba a ƙasan ƙofofin waje, magini ya cike tsagar dokin ƙofar kicin, ya sake wa sokawe murfi, aka ɗaure bakin bututun iskarsa da raga. Ƙafa ta sabe.

Asabar, 24 ga Mayu

Hadari ya haɗo daga gabas jiya da la’asar, ƙura ta fara zuwa ta rufe gari, sannan ruwa. Da magariba shinge ya fito. Yaran sun ɗauka wani bala’i ne, don fitilar ƙofar gida ba a ganin ta saboda fukafukai. Muka kashe fitilun ciki, Baba ya ajiye kwanon ruwa ƙarƙashin ta waje. Kafin ka ce me, yaran maƙwabta sun iso da robobi. An soya da gishiri da yaji, babban nawa ya ci, ya ƙara.

Ni kuwa bango nake bi da tocila. Mai feshi ya ce in duba ko shingen zai fito daga cikin ɗaki, don wannan ne alamar gidan gara na ƙarƙashinmu. Bai fito ba, duk daga waje yake.

Da safe tsakar gida fal fukafukai, kwaɗi sun ƙoshi sun kasa tsalle. Auta ta gano bushiya a bayan tulu. Wannan kam sun san ta: a Bradford maƙwabciyarmu har abinci take ajiye wa irinta, ta huda shingenta don ta samu hanya. Baba ya ce tana cin ƙwari, har kunama. Na ce to ta zama ’yar gida, kada yaran unguwa su taɓa ta. Shamuwa ma ta iso, tana kan dogon yaron masallaci.

Lahadi, 8 ga Yuni

Barka da Sallah. Ranar Juma’a aka sauko idi, aka yanka, aka tsire ragunan a itace aka kewaya wuta da su a ƙofar gida yadda ake yi a nan. Jiya ana rabo, ’yar tsakiya ta ɗauko tire za ta kai wa maƙwabta, shirwa ta sauko ta fige tsoka guda ta bar ta da ihu. Wannan abin dariya ne. Na dare ne ba na dariya ba.

Wajen ƙarfe biyu na ji ana jan murfin tukunya. Na kunna fitilar kicin, ɓeraye uku suka bi bayan firij, wata gafiya kuma, ƙatuwa, ta fita ta kafar kwata ba ta ko sauri. Sun huda buhun shinkafa da na gero, sun yi fitsari a kan kwalin taliya.

Inna ta zo yau daga cikin gari. Ta leƙa sito, ta ga buhuna a ƙasa, kitsen layya a kwano ba murfi, ta juyo ta dube mu. “In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Ku da kunka baje abinci, wa zai ƙi zuwa?” Uwargida ta ce, “Gaskiya ne, Inna,” ta sunkuyar da kai, amma na ga tana danne dariya.

Shawarwari sun yi yawa. Wani ɗan uwa ya ce a jefa ƙwayar nan da ake sa wa buhun wake a sito a rufe. Wannan ba za ta shigo gidana ba. Da ta sha danshi iskar guba take saki, mai ratsa silin da ƙasan ƙofa, kuma ta sha kashe mutane suna barci a ɗakin kusa. Wani ya ce a yayyafa fiya-fiya. Shi kuma dichlorvos ne, maganin ƙwari na gona, wanda tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna, ko da yake har gobe kana ganin sa a tebur. Guba a abinci kuma, ɓeran zai je ya mutu a silin ya dame mu da ɗoyi, ko mujiya ta ci shi ta bi shi.

Abin da ya sa ban ɗauki ɓera da wasa ba shi ne zazzaɓin Lassa. Tun 1969 aka gano shi a garin Lassa na Borno, kuma ta fitsari da kashin wani ɓeran gida da gona mai nonuwa da yawa yake shiga abinci. Ban iya bambance shi da sauran ba da tsakar dare, don haka duk ɗaya na ɗauke su. Abin da suka taɓa an zubar. Kashin ba a share shi a bushe, sai an jiƙa da ruwan bilic, a sa safar hannu a goge.

Kafin ta tafi Inna ta hango tsaka a bayan fitilar falo, ta cire takalmi ta gama da ita, tana kawo hadisin. A wannan ba na jayayya da Inna. Na dai sa an mayar da fitilar waje nesa da ƙofa, don ƙwarin da haske ke tarawa su take bi.

Lahadi, 15 ga Yuni

Durom ɗin roba masu murfi 3, ₦54,000, hatsi duk ya koma ciki. Tarko 6, ₦9,000. Ƙuli-ƙuli ya fi kifi kamu, kuma a jikin bango ake ɗanawa, ba tsakiyar ɗaki ba. An sa ragar ƙarfe a kafar kwata. Inna ta aiko da mussa a cikin kwali, ’yar baƙa, ta ƙi fitowa daga ƙarƙashin gado.

Asabar, 28 ga Yuni

Ɗakin baƙi. Kafinta ya hau silin da takunkumi, ya sauko yana tari, ya ce jemagu ne, ƙanana masu cin ƙwari, kashinsu ya yi tudu a kusurwa. Da magariba muka tsaya a waje muka ga inda suke fita: wata ’yar kafa ce ƙarƙashin tulluwar kwano, yatsa biyu ba za su shiga ba, amma ɗaya bayan ɗaya suke zubowa har na gaji da ƙirga.

A Ingila da tuni hannuna ya ɗaure, don dokar 1981 ta hana taɓa mazaunin jemage ko a cikin rufin gidanka ne. A nan ba mai hana ni, kafintan ne ya hana. Ya ce ya ga ’ya’ya manne a katako, ba su fara tashi ba. In an toshe yanzu iyayen na waje, ’ya’yan za su mutu a ciki, “kuma Alhaji, warin da kaka ji yanzu turare na.” Sai bayan damina, in sun yi fiffike: a rataya raga a bakin kafar ta yadda za su fita ba su iya komawa, bayan ’yan kwanaki a toshe.

Mun liƙe kusurwar silin, mun rufe ɗakin. Na gargaɗi yara kada wanda ya ɗauki jemage da hannu in ya faɗo, don cizonsa na iya ɗauke da irin ciwon haukan kare. Baba ya riga ya yi kamun kashin, zai zuba wa kuɓewarsa.

Asabar, 12 ga Yuli

Ragowar bulon gini na jibge a kusurwar yamma tun shekarun baya, ciyawa ta rufe shi. Yau na sa a kwashe. An kai layin ƙasa sai wani lebura ya daka tsalle baya. Ni abin da na fara ji sauti ne, kamar an zuba ruwa a kaskon suya. Kububuwa ce. Ba ta kai tsawon hannuna ba, launin ƙasa da ɗigo-ɗigon fari, ta naɗe tana goga jikinta da jikinta, daga nan sautin ke fita. Ba ta gudu ba, kuma wannan ne halinta. Suka kashe ta da shebur. Wurin bai fi taku goma ba daga inda auta ke wasan ƙasa.

Na zauna a kan bulo na jima.

A arewacin ƙasar nan ita ce ta fi kowane maciji kashe mutane, ba gamsheƙa ko kasa ba, duk da ƙanƙantarta. Dafinta hana jini daskarewa yake. Mutum zai ga kamar ya samu sauƙi, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon miki. Gwajin da ake yi a asibiti mai sauƙi ne: a ɗibi jini a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, a bar shi minti 20, in bai daskare ba to dafi ya shiga, sai allurar maganin dafi. Asibitin da ya shahara da wannan aiki yana Kaltungo, jihar Gombe, wanda daga nan tafiyar yini ce cur, ba wurin da za ka nufa da mai sara a mota ba. Don haka da yamma na zagaya cikin gari na tambayi inda ake samun allurar, na rubuta wuraren da lambobinsu na manna a ƙofar firij.

Da dare na tara gida har da Baba. In abin ya faru, Allah ya kiyaye: ba ɗauri, ba tsagawa, ba tsotsa. A cire zobe da agogo, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa mota. In gamsheƙa ce ta tofa a ido, ruwa mai yawa, a yi ta wankewa, sannan asibiti. Baba ya saurara har na gama, ya ce shi yana da maganin abin ƙasa da ya gada wurin kakansa, bai taɓa ba shi kunya ba. Na ce, “Baba, ban raina ba. Amma a sha shi a cikin mota, muna tafiya.” Ya ce wannan ya yi.

Aikin da aka yi: an nome ciyawa kaf, ciki da bayan katanga, itacen girki ya hau kan tebur, an zuba tsakuwa faɗin mita ɗaya zagaye da ginin don kome ya ratsa a gan shi. Tifa da leburori ₦85,000, takalman roba dogaye biyu ₦16,000. Wani ya kawo tallar garin da ake barbaɗawa wai yana korar maciji. Ban saya ba. Abin da ke kawo shi ɓera ne da kwaɗo da wurin ɓuya, su nake ragewa.

Lahadi, 27 ga Yuli

Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin damina sun zo gida-gida. Na yara ne daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya a wata har ruwa ya ɗauke. Auta ta samu, ta sha na farko a gabansu, sauran na kwana biyu aka bar mana. Manyan biyu sun wuce shekarun. Mussa ta fara aiki, ta ajiye mana ɓera a kan darduma.

Asabar, 9 ga Agusta

Makon nan bai yi daɗi ba. Ranar Litinin ’yar tsakiya ta dawo Islamiyya da ciwon kai, da dare jiki ya yi zafi rau, ga amai. Gwaji ya nuna maleriya. Aka kwantar da ita, allurai ta jijiya, sai Alhamis muka dawo gida da ƙwayoyi. Likitan ya yi mana magana ba ɓoye-ɓoye: yaron da ya tashi a nan ya sha cizo tun yana goye, jikinsa ya ɗan saba, waɗannan ba su da komai, zazzaɓin kan yi musu saurin tsanani. Ya ce ni ma kada in ruɗi kaina, shekarun da na yi a waje sun wanke abin da nake da shi. Duk zazzaɓi a gidan nan gwaji ne a ranar, ba a jira gobe. ₦38,000.

Na bi sawun inda aka samu kafa. Ragar ƙofar baya ta yage a ƙasa, aikin mussa ne. Yara kuma kan zauna a waje bayan magariba suna shan iska. Sai babban abin: sawun tayar tifar da ta kawo mana tsakuwa ya zama ’yan tafkuna a ƙofar gida. Na ɗebo ruwan a farin kofi, ga ’ya’yan sauro kwance a saman ruwa. Ni da na zuba ido kan sokawe da kwata, ashe sauron can mai kuka ne da hana barci. Mai maleriyar ya fi son ruwan sama mai tsabta da rana ke duka, kuma a zafin nan mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai zuwa tashi.

Yau da safe muka yi gayya da maƙwabta huɗu, muka cike ramukan layin da ɓaraguzan gini. Fadamar Rima dai ba mai cike ta, don haka gidan sauro ya zama dole ga kowa, da raga ko babu, kuma ana kiran magariba yara na ciki.

Asabar, 16 ga Agusta

Gara ta dawo. Ba a sito ba, a bangon bayin baƙi ta waje, hanya ɗaya mai kauri ta nufi katakon rufi. Da aka tona sai ga bututu ya tsage a ƙasa, ya daɗe yana tsiyaya, ya jiƙe wurin ya wanke maganin. Mun ɗan ja da mai feshi: ni na ce aikinsa ne bai riƙe ba, shi ya ce bai yi alkawari da bututu ba. Mun tsaya a kan in biya magani, shi ya yafe kuɗin hannu. ₦30,000. Mai gyaran famfo ₦22,000. An kankare hanyar, na zana alama da alli don in ga ko za ta sake ginawa.

Lahadi, 24 ga Agusta

Alamar alli ba ta motsa ba. Ruwa kusan kullum. Tarko bai kama komai ba makon nan. Yarinya ta koma makaranta.

Asabar, 6 ga Satumba

Na haɗa lissafi, ya kusa ₦750,000, ban da littattafan da ba su da farashi. Fiye da rabi ya tafi ne a siminti, ƙarfe, raga, tsakuwa da durom. Abin da na kashe a magani na feshi ₦170,000 ne, duk na gara, kuma har yau ba a fesa komai a ɗakin kwana ba.

Geron bayan gida ya fitar da kai. Baba ya ce da an yanke shi ɓerayen gona za su nemi gida, abin ƙasa kuma na biye da su, don haka kaka ce zagaye na gaba. Kafin nan: a ƙara durom biyu don hatsin da za mu saya, a sake bin ƙasan katanga a toshe ramukan da ruwa ya buɗe, a canza ragar ƙofar baya da ta ƙarfe saboda mussa, a sake nome bayan katanga kafin ciyawa ta bushe. Zagayen tocila ya koma daren Juma’a kawai, na alli kuma kowace Asabar.

Kafinta zai zo duba jemagu a makon farko na Oktoba. Ya ce silin ɗin kusurwar ya sha fitsari, sai an canza fale biyu ko uku, bai faɗi kuɗi ba sai ya hau ya gani. Uwargida na son ɗakin ya gyaru kafin Disamba, iyayenta za su zo daga Bradford, kuma ta hana kowa ba su labarin kububuwa a waya.